Ruwan da Daeng Cenning Take Riƙewa

Bakin Tafkin Tempe,
11 ga watan Shawwal.

Zuwa ga ƙanena Beddu, a Tawau ta ƙasar Malesiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'yan'uwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Hamsia da yaran nan biyu. Allah Ya tsare ka a kan hanyoyin gonar kwakwar manjan da kake jan mota a kansu, Ya sa albarka a guminka. An yi salla lafiya? Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana, Ya jiƙan Ambo da Indo da suka haife mu, Ya haskaka makwancinsu. Mu nan gida lafiya lau muke, sai abin da ba a rasa ba.

Tafki ya cika bana fiye da yadda muka saba. Ruwa ya hau har matakala ta huɗu, sai da muka ɗaga masaƙata muka ɗaure ta a jikin katakon ɗaki. Kwana tara agwagin maƙwabta suna iyo a inda nake zama in yi saƙa, kamar gidan ubansu. Yanzu ya janye, ya bar mana laka da kifi mai arha. Ɓarnarsa ba ta da yawa: ya kwashe ayaba uku, ya kuma tafi da tsohon makewayin Ambo na kan ruwa, wanda dama ya daɗe yana jiran mai tura shi. Tenri kuwa, 'yar da ka bar mana tana rarrafe, ta zama amarya sosai. Ta dawo daga Makassar da takardar aikin jinya da kuma baki, komai ka faɗa sai ta gyara maka. Irwan, angon nata, yana zuwa gaisuwa kowace Juma'a, yaro mai kunya, har yau bai taɓa gama kofin shayi a gabana ba.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. To na lura da wayar Tawau, lafiyarta ƙalau idan ana maganar farashin shinkafa ko ɗinkin biki, amma da zarar na ambaci Daeng Cenning sai ka ce ba ka jina, layi ya lalace. Shi ya sa na ba Mappa ɗan layinmu wannan ya kawo maka hannu da hannu, tunda zai hau jirgin ruwa daga Parepare ranar Laraba. Takarda ba ta da layin da zai lalace. Ka samu wuri ka zauna don doguwa ce, kuma maganar bikin 'yarka ce da ran babbar yayarmu. Na san kai har yau La Tahang kake cewa, sunan da aka raɗa mata ranar da aka haife ta namiji, kuma ba zan yi jayayya da kai a kan suna ba. Ni dai shekara arba'in da ɗoriya ke nan ina kiranta Daeng Cenning, bakina ba zai koma baya ba.

Ka ji cewa ta faɗi a wurin wani biki ana saura mako uku a fara azumi, na kuma ce maka gajiya ce da tsufa. Allah Ya yafe mini, rabin magana na faɗa maka. Tana cikin gyara wa amarya furen kai, a wani zauren biki na cikin garin Sengkang, sai ta dafe ƙugu ta durƙusa, kafin a riƙe ta ta kai ƙasa. Sai da muka dangana da babban asibiti a Makassar. Aka haska cikinta aka ga duwatsu a ƙoda. Ta hagu ta kusa daina aiki gaba ɗaya, ta dama ce take ɗauke da ita, ita ma da ƙyar. Ka san halin mutuniyar, ko a gadon asibiti ba ta bar barkwanci ba. Da likita ya nuna mata hoton, cewa ta yi ai an daɗe ana faɗa mai haƙuri yakan dafa dutse, to ga nata nan ta dafa har guda biyar, a kawo cokali. Masu jinya suka yi ta dariya, ni kuwa na fita waje na yi kuka.

Kai ma ka san abin da ake faɗa a kanta, don har Tawau labarin ya kai: wai Daeng Cenning tana riƙe ruwan sama. Wai idan ta karɓi biki, tun daga yammacin jajibiri ba ta ƙara kai ruwa bakinta, ba shayi, ba romo, ko kankana ba ta taɓawa, har sai amarya ta sauka daga kujera an watse, kuma muddin ta riƙe ƙishirwarta, sama ma za ta riƙe nata ruwan. Mutane suna tasowa daga Soppeng da Bone su neme ta saboda wannan, ba don kwalliya kaɗai ba. Na sha ganin uwar amarya ta fizge kofi daga hannun mai raba shayi tana cewa, “Kai, rufa mini asiri, kada ka kai wa Daeng, ga hadari can ya taso!” Ranar da aka yi ruwa kuma sai a ce wata mai baƙin ciki ce ta yaudare ta da lemo. Ni kaina, da nake kwana ɗaki ɗaya da ita tun rasuwar mijina, na yarda da wannan magana shekara tara cur, har alfahari nake yi da ita a kasuwa. Ina ganin leɓenta ya bushe ya tsage, ina ganin ta dawo gida ta shanye buta guda a tsaye, sai in ce a raina aikin asiri ba ya rasa wahala. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ni ina cikin ɗakin ban sani ba.

Likitan ne, wani ɗan matashi da bai san mu ba, bai kuma san labarin ruwan sama ba, ya tambaye ta kofi nawa take sha a rana. Na yi caraf na amsa mata, na ce ai ranar aiki ba ta sha ko ɗigo, na fara yi masa bayanin hadari ina wani ɗaga kai. Ya dube ni, ya dube ta, ya tambaye ta biki nawa take yi a wata. Ta ce lokacin aure yakan kai goma sha biyu. Ya ajiye alƙalaminsa ya ce don Allah ta gaya masa ainihin dalili. Ta daɗe tana murza bakin zanenta. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Likita, ni ban san yadda ake tsayar da ruwan sama ba. Wanda bai sha ba ba ya neman makewayi, shi ke nan asirin.” Beddu, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige don kunya.

A mota muna dawowa ta ba ni sauran labarin. Ka tuna lokacin da aka fara yayin zaure, kowa ya daina kafa rumfa a ƙofar gida. A bikinta na farko a can, ta bi amarya cikin banɗakin mata ta gyara mata allurar gashi da ta zame, amarya ta fita, ita kuma ta tsaya biyan tata buƙatar. Dangin ango baƙi ne daga wani tsibiri, ba su san calabai ba, irin su Daeng da aka haifa maza suke rayuwar mata, ba su san matsayin uwar biki a wurinmu ba. Wata a cikinsu ta ji muryarta ta kurma ihu wai ga ƙato a banɗakin mata. Mai gadi ya zo, wanda ita ta yi wa uwarsa kwalliyar aure, ya kasa haɗa ido da ita, ya ce ta yi haƙuri, doka ce, ga hoto nan a ƙofa, ta shiga ɗaya ɓangaren. Ta shiga na maza da rigarta ta siliki da furenta a ka. Samari uku suna ciki suna shan taba. Ɗaya ya ɗaga waya yana ɗaukarta, ɗaya ya ce ta yi a tsaye su gani ko ta iya, na ukun ya ɗebi ruwa a moɗa ya sheƙa mata a baya. Ta fito ba ta yi abin da ya kai ta ba, ta koma ta tsaya bayan amarya har aka tashi. Na tuna ranar sarai, don na tambaye ta yadda aka yi rigarta ta jiƙe, ta ce mini santsi ne ya kwashe ta. A biki na gaba da ta ƙi karɓar shayi aka tambaye ta dalili, ta ce cikin wasa, “Ruwan sama nake riƙe muku.” Aka yi dace hadarin ya watse. Daga nan magana ta fi ƙarfinta, mu kuma muka ji ta da daɗi muka riƙe.

Tun da gaskiyar ta fito, don ka san Tenri ba ta iya rufe baki ba, garin nan ba shi da wata hira. A kasuwa ita ce, a wurin saƙa ita ce, har a ƙofar masallaci. Maƙwabciyarmu Hajiya Norma ta ce ita kam ba ta da ta cewa, Daeng ce ta yi mata wankan aure, babu abin da ba ta gani ba, amma fa surukanta 'yan birni ne, in suka tsorata wa zai ga laifinsu. Mijinta ya ce namiji namiji ne ko ya shafa hoda buhu guda, amma samarin nan uku da a gabansa suka yi da sun sha mari. Wani sabon malami da ya dawo daga karatu ya ce tun farko bai kamata calabai ya taɓa amarya ba, sai matan layinmu suka tambaye shi wa ya yi wa uwarsa kwalliya ranar da aka kai ta gidan ubansa. Tsohon limaminmu da ya zo dubiya bai shiga gardamar ba. Cewa ya yi shi bai karanta hukuncin ƙofar zaure ba, amma ya karanta cewa jiki amana ne, ya ɗauki kofi da hannunsa ya miƙa mata. Akwai ma waɗanda damuwarsu ɗaya ce, wai yanzu wa zai riƙe musu ruwa.

Tenri ta sa takalminta ta tafi wurin mai zauren da kake so a kama don bikinta, ta yi masa dogon bayani a kan haƙƙi, irin wanda ta jiyo a tarurrukan Makassar, har da cewa a wasu wurare ƙofa ta uku ake yi. Mutumin bai yi mata rashin kirki ba. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, in ya bar Daeng ta shiga na mata baƙi za su yi ƙorafi, in ta shiga na maza ba zai iya tsaron samari ba, sabon gini kuma ba bana ba. Abin da zai iya shi ne ya buɗe mata ɗakin ajiye tsintsiya ya sa mata bokiti. Da Tenri ta dawo da wannan amsa tana huci, Daeng ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Ta ce ƙofa ta uku kuma me za su zana a jikinta, hotona? Ta ce bokiti kuwa a ajiye wa mai shara abinsa, ita ba ta kai can ba tukuna. Sannan ta jawo yarinyar ta ce, “Ke Tenri, bar wahalar da bakinki. Ni duk haƙƙin da nake nema a duniyar nan, in yi fitsari in fito da rigata a bushe.”

Ni ba malama ba ce, ban kuma yi zurfin karatu ba, ban san wa ke da gaskiya a cikin masu gardamar nan ba, wataƙila kowa da ɗan rabonsa. Abin dai yana sa ni kewar zamanin da, lokacin da biki biki ne. Mako guda ana sare gora ana kafa rumfa, maza suna saƙa ƙofar ado, mata suna naɗe barongko, ƙullun nan na ayaba da sukari, a ganyen ayaba har yatsu su yi baƙi, hayaƙi ya cika ƙarƙashin gida. Daeng ta iso da akwatinta na kwano a ka, tun daga nesa ana shelar uwar biki ta zo. Ita ce mai cewa a sa tukunya nan, a ɗaga labule can, ita ce mai zana wa amarya baƙar kwalliyar dadasa a goshi da hannun da ba ya rawa, tana yi mata raɗa a kunne har mai kuka ta koma dariya. Ba a taɓa tambayar a wane ɓangare za ta zauna ba. Ta ci abinci da mata a madafi, ta fito ta yi wa maza tsiya a rumfa, kowa ya sha nasa rabon. Bikinka ma haka aka yi shi, ko ka manta? Hamsia ba za ta manta ba, tambaye ta wa ya ɗinke mata hannun rigar da ya yage a jikinta, ana jin gangar danginka a bakin hanya.

Makewayi kuwa ɗaya ne tal, na Ambo, can a kan ruwa, da gadarsa ta gora biyu mai lilo. Liman ya shiga, ungozoma ta shiga, ango ya shiga, uwar biki ta shiga. Doka ɗaya ce: in ka taka gorar farko ka yi gyaran murya, na ciki ya amsa maka da nasa. Har mun haddace na kowa. Na Ambo kamar an tayar da injin jirgi, na Indo siriri kamar tana neman gafara, kai naka sau biyu a jere don kullum a matse kake zuwa. Daeng kuwa ba ta gyaran murya, waƙa take ɗaukowa, in ta ga dama ta kai baiti uku kana tsaye kana rawa a kan gora. Ƙofar nan ba ta taɓa tambayar kowa ko shi wane ne ba, sai shekarar da ka shiga aji biyu na sakandare.

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, to yau zan faɗi abin da na yi shekara talatin da takwas ina riƙe da shi. Ka dawo daga makaranta ranar nan da leɓe a fashe, an tsokane ka wai ƙanin calabai, wai kai ma jira ake ka fara ɗaura ɗankwali. Ka samo allon katako, ka ɗauki ragowar jan fentin jirgin Ambo, ka rubuta da manyan baƙaƙe: NA MAZA DA MATA NE KAWAI, CALABAI YA NEMI DAJI. Ka kafa shi a ƙofar makewayi da ƙusa ɗaya, ka gudu gidan abokinka. Da la'asar Ambo ya dawo daga su, ya ga jan rubutu a ƙofarsa. Ka san boko bai taɓa shiga kansa ba, ko sa hannu da babban yatsa yake yi. Muna zaune ni da Daeng a matakala tana tsefe mini kai, ya ƙwala kira ya ce wani ya zo ya karanta masa abin da ɗan makaranta ya rubuta. Na miƙe zan je, don na riga na karanta, kuma wallahi so nake a yi maka dukan da ba za ka manta ba. Daeng ta danne mini kafaɗa, ta tafi da kanta. Ta tsaya a kan gora ta dubi allon, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce da ƙarfi yadda zan ji, “Ambo, cewa ya yi in ka fito ka ja ƙofa, saboda agwagi.”

Ambo ya yi murna ranar nan kamar an ba shi sabon jirgi. Ya ce ka ga amfanin boko, yaro ya fara gyara gida. Ya ɗauko guduma ya ƙara wa allon ƙusa uku don kada iska ta ɗauke shi. Kai kuma ka dawo da magariba a ɗarare kana jiran duka, sai ka tarar da ƙusa huɗu a maimakon ɗaya, Ambo ya dafa kanka ya ce Allah Ya yi maka albarka. Na ga fuskarka a lokacin, na kuma san abin da ka ɗauka: cewa Ambo ya ji abin da ka rubuta ya goyi bayanka, cewa shi ma a ransa kunyarta yake ji, bai dai iya faɗa ba. Ina jin da wannan ka girma, da shi ka hau jirgi, da shi kake kashe waya. To ba haka ba ne, ƙanena. Ambo ya koma ga Allah bai san abin da ke jikin allon nan ba. Baƙin da suka iya karatu sukan gani su sunkuyar da kai, babu mai ƙarfin halin gaya masa. Mutumin da ƙaninsa ya ba shi shawarar ya kori Daeng daga gida, ya amsa masa da cewa, “Allah ne Ya dasa, ni ban ruwa kawai aka ba ni,” da ya san abin da ka rubuta, da a bayanka zai karya filafilin jirginsa. Ita ta san haka, shi ya sa ta karanta masa agwagi, ta kuma sa ni rantsuwar ba zan faɗa ba.

Shekara ashirin da shida tana wucewa ta ƙarƙashin wannan rubutu safe da yamma, har muka gina na siminti a bayan gida. Fentin jirgi ba ya koɗewa. Bayan rasuwar Ambo na ɗauko guduma zan ɓamɓare shi, ta hana ni. Na ce don me, ta ce Beddu ba ya rubuto wasiƙa, wannan ne kaɗai rubutun hannunsa da ya rage a gidan, a bar mata. Har tana nuna mini yadda ka ja wutsiyar wani baƙi, wai tun kana yaro hannunka mai kyau ne.

Yanzu ga inda maganar take. Na gode da ka yarda Daeng ta yi wa Tenri kwalliya, ko da yake na san kukan Tenri ne ya karɓo wannan yardar. Amma ka ce sai a zaure, don manyanka na wurin aiki za su zo, kuma ba ka so a ce ɗan Ambo ya yi shekara ashirin da uku a Malesiya ya aurar da 'yarsa a ƙarƙashin rumfar gora. Na fahimce ka, mutunci ba abin wasa ba ne a wurinmu. Sai dai likita ya ce mata lita uku kullum, ko azumin bana bai bar ta ta yi ba, ya kuma ce yini ɗaya irin na da ya isa ya kai ta ga injin wankin ƙoda, wanda in an hau shi ba a cika sauka ba. Daga nan zuwa zauren tafiyar awa guda ce, uwar biki kuma ba ta barin amarya tun asuba har a watse, sau uku ake canja kaya. Na ce mata to ta haƙura a nemo mai kwalliya daga birni, ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce ta zana goshin amare sun fi dubu, duk 'ya'yan mutane, sai yanzu da aka zo kan 'yar Beddu za ta miƙa wa wata mai shafa fenti? Ta ce za ta je zauren, kuma ba za ta sha ba, kuma kada in kuskura in gaya maka a ɓata maka shiri. Ka san in ta faɗa ta gama. Ta riga ta daina karɓar biki, duk wanda ya zo sai ta ce masa amarya ɗaya ta rage mata a duniya.

Don haka nake roƙonka, don Allah, don darajar Ambo da Indo, ka bari a yi bikin nan a gida bayan Babbar Salla. Filin gaban gida ya bushe, gora tana nan, mazan layinmu sun ce kwana huɗu ya ishe su su kafa rumfar da manyanka za su yi rububin ɗaukar hoto a ciki. Irwan da iyayensa sun ce duk inda ka ce. Banɗakinmu na bayan gida ƙofarsa ɗaya ce, ba hoto a jikinta, za mu ƙara biyu na gora saboda baƙi, kowa ya yi gyaran murya. Idan ruwan sama ya sauko ranar, ya sauko, mu jiƙe gaba ɗaya. Shekara tara ana shanya mana biki da ƙodar mutum ɗaya, ya isa haka. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan hannun bai ruɓe ba, shi ya ɗinka maka rigar makarantar da ke jikinka ranar da ka yi rubutun nan.

Na ce maka ruwa ya tafi da makewayin Ambo. Bai tafi da allon ba. Da ruwa ya janye na same shi a maƙale a ginshiƙin gida, ƙusoshinsa huɗu suna nan, jan rubutun kamar jiya aka yi. Daeng ta wanke masa laka da hannunta ta jingine shi a bayan akwatin kayan kwalliyarta. Ban sake taɓa shi ba, ba kuma zan ƙone shi ba, don ba ni na rubuta ba. In ka zo, ko dai ka sa shi a wutar tukunyar bikin 'yarka da hannunka, ko kuma ka ce sai zaure, in ɗauko shi in miƙa maka a gaban manyanka. Amma ka sani wannan karon ni zan karanta, kuma ni ban iya karanta agwagi ba.

Ka gaishe mini da Hamsia da kyau, ka ce mata zanen silikinta ya kusa sauka daga masaƙa, kore ne kamar yadda ta so. Ka gai da Aco da Besse, ka ce su zo da takalman da ba sa tsoron laka. Liman yana gaishe ka, Hajiya Norma ma haka. Tenri tana gaishe ku, ba ta san abin da na rubuta ba. Daeng tana nan gefena tun da na fara, tana zaton sunayen waɗanda za a gayyata nake jerawa. Kofi na shida ke nan na tura mata yau, tana sha tana tsaki, wai na mai da ita tafki. Yanzun nan ta ce in zan aika maka saƙo ta hannun Mappa, in tambaye ka ko har yanzu kana son barongko mai sukari da yawa, don ta san ayabar da za ta tanada. Amsar wannan ma ina jiranta.

Allah Ya sada mu da alheri, Ya bar zumunci. Wassalam.

Ni ce yayarka,
Sennang.